Waliyyiya Agata, Budurwa Mai Shahada, Mataimakiyar Masu Ciwon Nono

Kowace ranar 5 ga Fabrairu Ikilisiya tana tunawa da Waliyyiya Agata, wadda muke jin sunanta cikin Addu'ar Yukaristiya ta Farko tare da su Lusiya, Agnes da Sisiliya.

An haife ta a tsibirin Sisili, kudu da Italiya, cikin ƙarni na uku, a gidan masu arziki da daraja. Sunanta da Helenanci yana nufin nagari. Tun tana yarinya ta keɓe kanta ga Ubangiji Yesu, ta ƙi aure.

A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka. Bisa ga labarin da Ikilisiya ta gada, gwamna Kwintiyanus, wanda ya nemi Agata ta ƙi shi, ya sa aka kama ta a birnin Kataniya. Ya ba da ita ga wata magajiyar karuwai domin ta lalata ta, amma Agata ba ta jijjigu ba. Sai ya sa aka azabtar da ita, har aka yanke mata nonuwa. Cikin dare Manzo Bitrus ya bayyana gare ta a kurkuku, ya warkar da raunukanta. Bayan 'yan kwanaki aka birgima ta kan garwashi, ta miƙa ranta ga Allah a shekara ta 251.

Shekara guda bayan haka dutsen Etna ya yi aman wuta. Mutanen Kataniya suka ɗauki mayafinta suka tari wutar, birnin kuwa ya tsira. A 1040 aka kwashe ƙasusuwanta zuwa Kustantiniya, aka komo da su a 1126. Har yau, daga 3 zuwa 5 ga Fabrairu, dubban mutane sanye da fararen riguna suna tattaki cikin Kataniya, suna jan keken azurfa mai ɗauke da ƙasusuwan.

Saboda irin azabar da ta sha, mata masu sankarar nono suna neman roƙonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an sami wannan ciwo a jikin mata miliyan 2.3, kimanin 670,000 kuma suka mutu. A ƙasarmu da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki, saboda kunya, tsoron aikin tiyata, ko rashin kuɗi. Alhali in an gano shi da wuri, ana iya warkewa.

Don haka, mu tuna da uwayenmu da 'yan'uwanmu mata na Turba, Isa da Sabon Birni, Kirista da Musulmi, waɗanda rashin tsaro ya sa hanyar Sakkwato ta yi musu nisa. Mace in ta ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko ta ga jini daga kan nono, kada ta ɓoye. Ta nemi likita, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Miji kuma ya raka ta, kada ya guje ta in an yi mata aiki. In watan Oktoba ya zo aka kira tattakin wayar da kai, mu fito tare da Zumuntar Mata, mu ba da abin da za mu iya.

Bari roƙon Waliyyiya Agata ya ƙarfafa marasa lafiyarmu da masu jinyarsu. Amin.