Dokta James Aggrey: Hedimastan Da Ya Koma Ɗalibi

A shekarar 1898 akwai wani saurayi mai shekara 22 a garin Cape Coast, cikin ƙasar Gwalkwas wadda yau muke kira Gana, wanda ya riga ya kai matsayin da malamai da yawa suke tsufa ba su kai ba. Shi ne hedimastan makarantar ikkilisiyar Metodis ta garin, ana girmama shi, gaba kuma tana da haske. A watan Yuli na wannan shekara ya ajiye kujerar, ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka domin ya koma aji ya zauna a benci. Sunansa James Emman Kwegyir Aggrey.

An haife shi ranar 18 ga Oktoba, 1875, a Anomabo, wani gari na Fante a bakin teku. Mahaifinsa, Kodwo Kwegyir, shi ne mai magana da yawun sarki a fada, aikin da ke bukatar kaifin tunani da iya sarrafa harshe. Ɗan ya gaji wannan baiwa. An yi masa baftisma a 1883, ya shiga makarantar mishan, ya kuma zauna wani lokaci a gidan wani Baturen mishan, Rabaran Dennis Kemp. Yana ɗan shekara 15 aka tura shi ƙauyen Abura Dunkwa ya riƙe makaranta. Daga nan ya yi ta hawa har ya zama hedimasta.

Bishop John Bryan Small na ikkilisiyar AME Zion, wadda baƙaƙen fatar Amurka suka kafa, shi ya buɗe masa hanyar tafiya. Aggrey ya shiga Kwalejin Livingstone a garin Salisbury, jihar Karolina ta Arewa, ya sami digiri a 1902, aka naɗa shi fasto a 1903. A 1905 ya auri Rose Douglass, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Ya zauna a wannan kwaleji kusan shekara ashirin, yana koyarwa, yana kuma riƙe da aikin magatakarda da na lissafin kuɗi. Nan ne ya koyi ɓangaren aikin makaranta da ba a gani daga waje: rajistar ɗalibai, kuɗin makaranta da iyaye matalauta ba su iya biya, albashin malamai, da lallashin masu ba da taimako. Daga 1914 ya ƙara da kiwon wasu ƙananan ikkilisiyoyi biyu na manoma a karkara, inda bayan wa'azi yakan zauna da su a kan sha'anin gona da tattalin kuɗi.

Da kujerar shugaban kwalejin ta zama ba kowa a 1917, an tsallake shi aka ba wani. Wannan ya yi masa ciwo, amma bai bar aiki ba, bai kuma bar karatu ba. Lokacin hutu, sa'ad da sauran malamai ke hutawa, yakan tafi Jami'ar Kolombiya a birnin New York ya ɗauki darussan ilimin zaman jama'a da na koyarwa. Magidanci ne mai iyali da ƙaramin albashi, shekarunsa sun haura arba'in, amma haka ya riƙa tara darussan kaɗan-kaɗan, damina bayan damina. Duk malamin makarantar mishan da ya taɓa barin matarsa da yara a gida ya tafi kwas ɗin hutu ya san abin da wannan ke ci.

Malamansa na Kolombiya ne suka lura da shi. A 1920 asusun Phelps-Stokes ya shirya tawaga ƙarƙashin Dokta Thomas Jesse Jones domin ta duba makarantun Afirka, aka sa Aggrey a ciki, shi kaɗai ne ɗan Afirka. Sun bi ta Saliyo, Laberiya, Gwalkwas, Nijeriya, Kamaru, Kwango, Angola da Afirka ta Kudu. Duk inda ya tsaya majami'u sukan cika. Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, ya ji wa'azinsa a Legas yana yaro, daga baya kuma ya bi sawunsa zuwa karatu a Amurka. A Afirka ta Kudu kuwa Aggrey ya sha wulaƙanci saboda launin fatarsa, har a motocin haya, ya kuwa amsa da dariya da haƙuri. Waɗansu sun yaba masa, waɗansu sun ga laushin ya yi yawa.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Tawagar ta fi karkata ga ilimin noma da sana'ar hannu, irin na makarantar Tuskegee, kuma masana irin su W. E. B. Du Bois sun yi zargin cewa hanya ce ta tsare baƙar fata a ƙasa. Zargin yana da tushe. Sai dai rayuwar Aggrey kanta ba ta tafi a kan wannan layi ba. Mutumin da ke gaya wa matasa kada su raina fartanya shi ne kuma yake neman digiri mafi girma da jami'a ke bayarwa. Ya karɓi digiri na biyu daga Kolombiya a 1922, ya ci jarrabawar share fagen digirin dokta a 1923, saura rubuta kundi. Laƙabin Dokta da ake kiransa da shi ya fito ne daga makarantar tauhidi ta Hood, tun 1912.

Bayan tawaga ta biyu zuwa gabashin Afirka a 1924, sai kira ya zo daga gida. Gwamna Gordon Guggisberg yana gina babbar makaranta a Achimota, kusa da Akara, ya kuma ɗauko Rabaran Alexander Fraser, wanda ya shugabanci Kwalejin Trinity a Kandy ta ƙasar Silon, ya zama shugabanta. Aggrey ya zama ɗaya daga mataimakansa. Aikin da ya faɗo masa shi ne mafi wuya. Jama'a ba su amince da makarantar gwamnatin mulkin mallaka ba, suna tsoron za a ba 'ya'yansu ragowar ilimi. Aggrey ya bi gari-gari yana magana da sarakuna, iyaye da fastoci cikin harshen da suke ji, har zukata suka kwanta. Ya kuma tsaya kai da fata a kan a ɗauki 'yan mata tare da maza, domin a ganinsa ilimin uwa yana ratsa gida duka. Misalin da ya fi yawan bayarwa na fiyano ne, wanda ba ya ba da cikakken sauti sai an taɓa baƙaƙen maɓallai da farare tare. Daga wannan misali aka zana tambarin makarantar. Cikin matasan da suka saurare shi a wannan lokaci har da Kwame Nkrumah, wanda ke koyon aikin malanta.

An buɗe Achimota a hukumance ranar 28 ga Janairu, 1927. A watan Mayu Aggrey ya ɗauki hutu ya koma Amurka domin ya ga iyalinsa, har da autansa Orison da aka haifa ba ya nan, ya kuma rubuta kundin da ya rage masa. Bai daɗe da isa New York ba ciwon sanƙarau ya kama shi. Ya rasu a asibitin Harlem ranar 30 ga Yuli, 1927, yana da shekara 51, kundin bai kammalu ba. Aka kai shi Salisbury aka binne.

Orison ya girma ya zama jakadan Amurka a Senegal, Gambiya da Romaniya. A Nijeriya kuwa, a farkon shekarun 1930, Alvan Ikoku, malamin da hotonsa ke kan takardar naira goma, ya kafa makarantar sakandare a Arochukwu ya sa mata sunan Aggrey.