Marigayi Farfesa Ishaya Audu, Wanda Ya Share Fagen Binciken Cuta a Arewa

Mu mutanen ƙasar Daura ba a ba mu labarin sanƙarau. Tun zamanin kakanni, da zarar hunturu ya ja jiki, zafin bazara ya kankama, sai zullumi ya sauka tun daga Zango da Ɓaure har Mai'aduwa. Abin da aka daɗe ba a gane ba shi ne dalilin da ya sa ciwon ke jiran wannan lokaci. A Zariya aka warware babban sashe na wannan al'amari, mutumin da ya share fagen kuwa shi ne marigayi Farfesa Ishaya Audu.

An haife shi a Anchau cikin Lardin Zazzau a 1927. Ya yi karatun farko a Wusasa, ya wuce Ikko da Badun, daga nan ya haye Ingila, ya fito likita a Jami'ar London. Da ya komo gida sai ya ƙware a kan ciwon yara, har Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya ɗauke shi likitansa. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello bayan Sir Norman Alexander. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera, bai ko cika shekara 40 ba.

Lokacin kuwa ba na gini ba ne. Ƙasa ta rikice, ma'aikata da yawa sun koma garuruwansu, ga yaƙin basasa a bakin ƙofa. Duk da haka a 1967 jami'ar ta buɗe sashen koyar da likitoci, aka haɗa mata asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi. Asibitin Malumfashi ya zama wurin bincike a kan cututtukan karkara, tare da masana daga Liverpool.

A ganinmu nan ne hikimarsa take. Makarantar da ke fitar da masu ba da magani kawai, kullum tana jiran littafin da aka rubuta a kan cutar wata ƙasa. Sai an kafa ɗakin gwaji, an sami mai duba jini da tsoka ta madubin ƙara girma, an kuma ajiye lissafin marasa lafiya shekara da shekaru, sa'an nan a san yadda cuta ke tsira a jikin mutanenmu. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da haƙuri, ba ya kuma jawo tafi. A zamaninsa Farfesa Edington, masanin asalin cututtuka, ya baro Badun ya zo Zariya, Farfesa Parry ya zo a 1969, Likita Greenwood a 1970, suka yi aiki tare da samarin likitocinmu.

To, ga abin da aka girba. Binciken su Greenwood ya nuna ƙwayar sanƙarau tana yawo a maƙogwaron mutane rani da damina ba tare da ta kwantar da su ba. Sai iska ta bushe, ƙura da zafi sun raunana hanci da maƙogwaro, sa'an nan ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. A 1979 likitocin Zariya suka bayyana cewa allura guda ta wani magani mai daɗewa a jiki tana iya warkar da mai ciwon. Duk malamin asibitin ƙauye da ya taɓa ganin majinyata kwance a gindin bishiya ya san darajar wannan.

Haka kuma suka bi diddigin ciwon zuciya da kumburi da ke kama mata bayan haihuwa, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa. Su Parry suka ɗora zargi a kan kunun kanwa, da wankan jego, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya likitocin Kano suka sake dubawa, suka ga lamarin ya wuce nan, akwai hannun rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na masu ciki. Wannan gyara ba aibi ba ne ga na farko, don da ba su ajiye lissafi ba, da na baya ba su sami abin gyarawa ba.

Ya sauka daga shugabancin jami'ar a 1975, bayan shekara 9. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimaki ga Dokta Azikiwe, bayan zaɓe kuma Shugaba Shehu Shagari ya ba shi Ministan Harkokin Waje, ya riƙe har 1983. Da siyasa ta ƙare sai ya koma Samaru, kusa da jami'ar da ya raina, ya buɗe asibitinsa ya ci gaba da duba marasa lafiya. Ya rasu ran 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78.