George Huntington, likitan karkara da ciwon gado ya ɗauki sunansa

An haifi George Huntington ranar 9 ga Afrilu, 1850, a garin East Hampton da ke jihar New York ta Amurka. Likitanci gadon gidansu ne. Kakansa Abel da mahaifinsa George Lee duk likitocin garin ne, sun daɗe suna duba iyalai iri guda tun daga kakanni har jikoki.

Yana ɗan shekara takwas ko kusa da haka, ya raka mahaifinsa zagayen marasa lafiya, suka ci karo da wata uwa da 'yarta a bakin hanya, ramammu, jikinsu na murɗewa yana fizga ba da son ransu ba. Abin bai taɓa fita daga ransa ba.

Ya kammala karatun likita a Jami'ar Columbia a 1871. Ranar 15 ga Fabrairu, 1872, yana da shekara 21, ya karanta wata gajeriyar maƙala gaban likitoci a Middleport ta jihar Ohio, aka buga ta a Afrilun shekarar. A cikinta ya fayyace alamomi uku: ciwon na bin jini, yana taɓa hankali har ya kai wasu ga halaka kansu, kuma ba ya tsananta sai mutum ya manyanta. Ya kuma lura cewa idan ɗa ya tsallake, zuriyarsa ta kuɓuta. Wannan lura ce ta fi burge ni, domin sai a 1900 masana suka waiwayi aikin Mendel kan dokokin gado. Bayanan kakansa da na mahaifinsa ne jarinsa, ba na'ura ba.

Mai karatu a Bauchi da ya saba da gwajin jini kafin aure zai so sanin bambancin. Sikila sai uwa da uba sun haɗu wajen bayarwa. Wannan kuwa ɗayansu ya isa, kuma kowane ɗa na da rabi da rabin yiwuwar gadonsa.

Huntington bai nemi kujerar jami'a ba. Ya ci gaba da likitancin karkara, yana fama da asma, har ya rasu ranar 3 ga Maris, 1916, a garin Cairo na jihar New York.

A 1993 aka gano ƙwayar halittar da ke haddasa ciwon, wanda har yau ba shi da maganin warkewa. A 2022 masana suka fitar da tsarin da ya kasa shi mataki huɗu, daga sifili zuwa uku. Mai matakin sifili yana ɗauke da ƙwayar, amma ba a ga komai ba. A mataki na ɗaya mutum na harkokinsa garau, sai dai hoton na'urar MRI na nuna wasu sassa biyu da ke can cikin ƙwaƙwalwa, masu daidaita motsi, sun fara motsewa. Na biyu alamu sun fito fili, na uku hidimar kai ta fara gagara.

Matsalar tana wajen awo. Manhajar kwamfuta ce ke shata iyakar sassan nan a jikin hoto ta lissafa girmansu, kuma manhajoji ba sa shata ta wuri guda. Mutumin da ke gab da iyaka, wata manhajar za ta bar shi a sifili, wata ta ɗaga shi zuwa na ɗaya, alhali da matakan nan ake son zaɓar waɗanda za a gwada sababbin magunguna a kansu.