Taƙaitaccen Tarihin Georg Simon Ohm (1789-1854)

An haifi Georg Simon Ohm a garin Erlangen na ƙasar Jamus ranar 16 ga Maris, 1789. Mahaifinsa maƙerin makullai ne wanda bai yi karatun jami'a ba, amma shi da kansa ya koya wa 'ya'yansa lissafi a gida. Ohm ya shiga jami'ar garinsu a 1805, sai dai wasa da rawa suka ɗauke masa hankali, har mahaifin ya fusata ya tura shi Suwizalan koyarwa. Daga baya ya dawo ya sami digirin dakta a 1811.

A 1817 ya zama malamin lissafi da kimiyya a wata makarantar sakandare a birnin Kolon. A nan ne wata tambaya ta dame shi: me ya sa wutar lantarki take ratsa wani ƙarfe cikin sauƙi, wani kuma da kyar? Ya karanta aikin Bafaranshe Joseph Fourier kan yadda zafi yake tafiya daga gefen abu mai zafi zuwa gefe mai sanyi, sai ya yi tunanin ko lantarki ma haka yake yi.

Baturan zamanin ba su da tabbas, domin ƙarfinsu yakan ragu ana cikin gwaji. Saboda haka Ohm ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe da ake kira bismut, ya sa mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗayar cikin ƙanƙara. Bambancin zafin ya ba shi wutar da ba ta canjawa. Ya yi ta gwada wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban, ya gano cewa doguwar waya da siririya sun fi turje wa wuta, kuma kowane ƙarfe da irin tasa turjiyar. A yau mun san azurfa ce ta fi kowane ƙarfe wuce da lantarki, sai jan ƙarfe, sannan zinariya. Tsadar azurfa ce ta sa wayoyin gidajenmu na jan ƙarfe ne.

Ya wallafa littafinsa a 1827, amma malaman Jamus da yawa suka yi watsi da shi. A ganina, ƙaramin matsayinsa na malamin sakandare ya taimaka wajen wannan raini. Ran Ohm ya ɓaci, ya ajiye aikinsa na Kolon, ya yi shekaru yana 'yar koyarwa a Balin cikin ƙuncin rayuwa, kafin ya sami aiki a Nuremberg a 1833.

Girmamawa ta zo daga Ingila, inda aka ba shi lambar yabo ta Copley a 1841. Kujerar farfesan kimiyya a Jami'ar Munich, wadda ya daɗe yana buri, sai a 1852 ya same ta. Bayan shekara biyu ya rasu, ranar 6 ga Yuli, 1854. Da sunansa ake kiran ma'aunin turjiyar lantarki, wato ohm.