Labarin Senefelda, Wanda Ya Ƙago Bugu da Dutse

An haifi Alois Senefelda a birnin Prag cikin shekarar 1771, ya girma a Munik ta ƙasar Jamus. Da ubansa ya rasu sai ya bar karatun shari'a, ya koma tsara wasannin kwaikwayo, amma ba shi da abin biyan maɗaba'a. Rashin nan ne ya sa shi neman dabara.

An ce wata rana cikin 1796 uwarsa ta sa shi rubuta lissafin tufafin da za a ba mai wanki. Babu takarda kusa, sai ya rubuta bisa wani lallausan dutse da ya goge, da tawadar da ya haɗa da kakin zuma da sabulu da kunkunniya. Daga nan ya yi ta gwaji har ya kama asirin, wato maiƙo da ruwa ba su gamuwa. A yi rubutu da tawada mai maiƙo, a shafe dutsen da ruwan ƙaro, a jiƙa shi, sa'an nan a bi da tawadar bugu. Ita kuwa sai ta kama rubutun, ta ƙi wurin da ke jiƙe. Sai a aza takarda a danne.

Ya wallafa littafin sana'ar cikin 1818, ya mutu a Munik cikin 1834. Malaman Hindu da Farisa, waɗanda haruffan dalma ba su gamshe su ba, suka rungumi dutsen nan, don hannun marubuci yana fita yadda yake, har da wasulansa. Birnin Fas ma ya soma bugu da shi cikin 1865.