Vittorio Sella: Mai ɗaukar hoton manyan tsaunukan duniya

An haifi Vittorio Sella ranar 28 ga watan Agustan 1859 a garin Biella da ke gindin tsaunukan Alps, a arewacin Italiya. Danginsa attajirai ne masu masaƙar ulu.

Gado biyu ya tarar a gida. Mahaifinsa, Giuseppe Venanzio Sella, ya wallafa littafi kan dabarun ɗaukar hoto a 1856, yayin da baffansa, Quintino Sella, wanda ya riƙe muƙamin ministan kuɗi, ya kafa ƙungiyar masu hawan tsauni ta Italiya a 1863.

A watan Maris na 1882, Sella ya shiga tarihi a matsayin wanda ya fara hawa ƙololuwar tsaunin Matterhorn a lokacin hunturu.

Farantan gilashi

A wancan zamani ba a kan fim yake ɗaukar hoto ba, a kan farantan gilashi ne, masu faɗin santimita 30 da tsawon 40. Kowane faranti ya kusa kilo guda, ga kuma nauyin kyamarar da ƙafafunta. Haka ake ciccibar su a hau da su kan ƙanƙara, kuma da zarar ɗan dako ya yi tuntuɓe, aikin kwanaki ya salwanta.

Domin samun hoton da zai kwaso jerin tsaunuka baki ɗaya, Sella kan kafa kyamararsa a wuri guda, ya ɗauki faranti ɗaya, ya ɗan karkata ta ya ɗauki na gaba, har sai ya kewaye inda ido ke iya kaiwa. Sai bayan an wanke hotunan ne ake jera su gefe da gefe. Idan gajimare ya gitta ko haske ya sauya kafin ya kammala, mahaɗar ba za ta yi daidai ba. A nan ne haƙurinsa ya bambanta shi da takwarorinsa.

Tafiye-tafiye

Sau uku ya je tsaunukan Caucasus, a 1889 da 1890 da 1896. A 1899 kuma ya raka Baturen Ingila Douglas Freshfield kewayen tsaunin Kangchenjunga da ke Himalaya.

Sai dai ayyukansa da suka fi shahara ya yi su ne tare da Luigi Amedeo, Yariman Abruzzi, ɗan gidan sarautar Italiya. Sun je tsaunin Saint Elias na Alaska a 1897, kana a 1906 suka nufi tsaunukan Ruwenzori, a kan iyakar Uganda da Kwango ta yanzu, wurin da hazo da ruwan sama kan lulluɓe kusan kullum. A wannan tafiya ce Yariman ya hau ƙololuwa mafi tsawo, mai mita 5,109, ya kuma raɗa mata sunan Sarauniya Margherita. Ɗaruruwan 'yan dako 'yan ƙasar ne suka ɗauki kayan ayarin, ko da yake ba kasafai ake ambatonsu ba.

A 1909, yana dab da cika shekara 50, ya bi Yariman zuwa Karakoram, inda ya ɗauki hotunan tsaunin K2 da ƙanƙarar Baltoro. Masu hawan tsauni sun shafe shekaru da dama suna nazarin waɗannan hotuna kafin su zaɓi hanya.

Yanzu kuwa masana kimiyya ne ke kwatanta hotunansa na Ruwenzori da na zamanin nan, domin auna yadda ƙanƙarar tsaunin ta narke, kuma mafi yawanta ta riga ta ɓace.

Yana da shekara 76 ya sake yunƙurin hawa Matterhorn, amma ya juyo bayan da ɗaya daga cikin jagororinsa ya ji rauni.

Vittorio Sella ya mutu a Biella ranar 12 ga watan Agustan 1943. Gidauniyar Sella da ke garin ce ke adana farantan nasa.