Charles de Foucauld, ɗan masu kuɗin da ya zaɓi shiru a Tamanrasat

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Agadas da Arlit da Asamaka ya san Tamanrasat, ko da a bakin direbobi masu ɗauko taliya da dabino. Yau za mu kawo muku tarihin wani Bafaranshe da ya zauna can tun garin yana ɗan ƙauye mai gidaje kamar 20.

An haifi Charles de Foucauld a birnin Strasbourg na Faransa a shekara ta 1858. Bai cika shekara 6 ba ya rasa uwa da uba, kakansa ya riƙe shi. Ya shiga soja, ya gaji dukiya mai yawa, ya ɓarnatar da ita wajen ci da sha da sharholiya. Addini kuwa, ya yi watsi da shi tun yana saurayi.

Daga 1883 zuwa 1884 ya ratsa Maroko cikin shigar Bayahude. Can ya ga Musulmi suna barin harkokinsu in lokacin salla ya yi, abin ya taɓa zuciyarsa. A 1886, a birnin Paris, ya tuba ya koma ga addinin iyayensa na Katolika, daga baya ya bar wa ƙanwarsa abin da ya rage na dukiyarsa.

Wata ibada ce ta riƙe shi har mutuwa. A wurin ƴan Katolika, gurasar da limami ya tsarkake lokacin babbar addu'arsu jikin Yesu Almasihu ce. Ana ajiye ta cikin ɗan akwati a majami'a, da fitila kunne a gefe. Mai ibada ya zo ya durƙusa gabanta ya yi shiru, ba waƙa, ba wa'azi. Mu da muke wuni cikin hayaniyar kasuwa mun san tsadar shiru. Charles yakan yi awoyi a haka, dare da rana, musamman daga 1897 zuwa 1900 a Nazarat, inda ya yi aikin bara a gidan mata masu ibada.

A 1901 aka naɗa shi limami, ya tafi Beni Abbas cikin hamadar Aljeriya, a 1905 ya sauka Tamanrasat. Shirun bai raba shi da mutane ba. Ƙofarsa a buɗe take ga talaka da bawa da matafiyi. Ya koyi harshen Abzinawa, ya tattara waƙoƙinsu, ya rubuta ƙamus wanda masana ke amfani da shi har yau.

Fari ya afka wa yankin a 1907. Ya raba abincinsa har ya ƙare, a farkon 1908 ya kwanta ciwo kamar ba zai tashi ba. Ga shi ya yi watanni bai yi babbar addu'ar ba, don dokar lokacin ba ta yarda limami ya yi ta shi kaɗai ba. Maƙwabtansa Musulmi, su ma cikin yunwa, suka bi awaki suna tatso masa ɗan madarar da ta rage har ya warke. Mai bayarwa ya zama mai karɓa.

Ba za mu ɓoye ba, yana da kusanci da hafsoshin Faransa ƴan mulkin mallaka, kuma ana muhawara kan haka har yanzu. Ranar 1 ga Disamba 1916, watan da Kawusan ya kewaye Agadas, wasu mahara suka kama shi a ƙofar gidansa, wani yaro da aka sa gadinsa ya firgita ya harbe shi. Bayan mako 3 aka tsinci ɗan mazubin gurasarsa cikin rairayi.

Ya mutu bai bar almajiri ko ɗaya a Tamanrasat ba. Amma daga 1933 ƙungiyoyin maza da mata masu bin tafarkinsa suka soma kafuwa, kuma ranar 15 ga Mayu 2022 Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyan Katolika. Kabarinsa yana El Meniya, ƙasar Aljeriya.